Zagayen Masarautun Jigawa: Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Karar Maigatari

Yawancin mutanen Kano da na sani, saninsu da Jigawa bai wuce ta tagar mota ba. Mai zuwa Azare ko Maiduguri ya ratsa ta gefen Dutse, mai zuwa Daura ya ratsa Kazaure, mai zuwa Nguru ya tsaya Haɗeja ya sayi bandar kifi ya ƙara gaba. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke jihar daga jikin tsohuwar Jihar Kano, har yau ana samun masu yi mata kallon ƙauyukan Kano da aka tara aka ba su gwamna. Maganar nan ta daɗe tana damuna, domin ƙasar da take da Haɗeja da Gumel da Garun Gabas ba ƙauyen kowa ba ce. Shi ya sa da hunturu ya kama, an gama kaka, hanyoyin karkara sun bushe, na shirya na shiga motar haya don in zaga masarautunta biyar.

Jihar tana da ƙananan hukumomi 27. Takwas suna ƙarƙashin Haɗeja, bakwai ƙarƙashin Dutse, sai Gumel da Ringim da Kazaure kowace da huɗu. Amma wani dattijon direba da muka yi hira da shi a tasha ya ce mini, "Malam, in dai Jigawa kake son gani, bi ranakun kasuwa. Litinin Shuwarin, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari. Ranar ne ake samun mota, ranar ne kuma mutanen ƙasar suke fitowa." A kan shawararsa na tsara tafiyar.

Na fara da kudu. Aka bi ta Wudil, a Kwanar Huguma masu zuwa Dutse suka karya hagu, mu muka miƙe. Tun kafin a isa Birnin Kudu ƙasa take sauya kama, shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, manyan duwatsu su fara fitowa wani bisa wani, da kukoki da ɗorawa a tsakaninsu. An san garin da kwalejin gwamnati wadda Aliko Ɗangote ya gama a 1978, da babban asibitin tarayya, kuma daga wannan ƙaramar hukuma gwamnoni biyu suka fito, Ali Sa'ad Birnin Kudu da Sule Lamido na Bamaina. Ni kuwa duwatsun ne suka kawo ni.

A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai wuraren da dutse ya yi rumfa, ruwan sama ba ya dukan cikinsa. A jikin waɗannan rumfunan mutanen da suka zauna a nan tun kafin a fara rubuta tarihin ƙasar suka yi zane da jan launi da fari da baƙi, mafi yawansa na shanu. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, yanzu kuma suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare. Sai mutum ya durƙusa, idonsa ya saba da inuwar, kafin siffofin su bayyana. Da suka bayyana, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne bayan shanun a miƙe yake. Ba su da tozo. Wasu da dogayen ƙahoni, wasu da gajeru, amma ba tozo. Ka zaga duk rugagen Jigawa yau, bunaji da rahaji da bokoloji za ka gani, kowace da tozonta. Masana sun tabbatar cewa shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma, ke nan wanda ya yi zanen nan makiyayi ne na wani zamani dabam, ya zana dukiyar da ya sani. Na daɗe a zaune ina kallon wata saniya guda da aka fitar mata da ƙahoni da kyau, ina tunanin irin son da mai hannun nan yake yi wa dabbarsa.

Saurayin da ya yi mini jagora ya ɗauki wani ɗan dutse ya bugi gefen wani falale, sai ƙara ta tashi irin ta ƙarfe. Ya matsa kaɗan ya sake bugawa, murya ta sauya. Wuraren bugun duk sun yi rami sun yi santsi, alamar hannaye masu yawa sun bi ta kansu. Damuwata a nan ita ce masu fasa dutse. Garuruwa suna girma, gini yana son tsakuwa, mai fasa dutse kuma abincinsa yake nema. In ba a shata masa iyaka an nuna masa abin da ke jikin dutsen ba, wata rana guduma za ta kai inda bai kamata ba, kuma zanen da ya fashe ba mai iya maido shi. Ya kamata a ce kowane ɗan firamare a ƙasar Dutse an taɓa kawo shi nan.

Dutse gari biyu ne a wuri guda. Akwai sabon birnin da aka shata bayan 1991, mai faffaɗan tituna da sakatariya da rukunin gidajen ma'aikata, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, da filin jirgin sama da aka gina zamanin Sule Lamido. Akwai kuma Garu, tsohon gari, inda fadar sarki take a cikin duwatsu, gidaje sun raɓu da falale, lunguna suna hawa suna sauka. Nan na fi jin daɗi. Da yamma na hau wani dutse, na hango itatuwan dabino sun bazu ta ko'ina a kwarin. Dabinon nan ne ya sa cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta buɗe reshe a Dutse musamman don nazarinsa. A da, Sarkin Dutse hakimi ne na Sarkin Kano, haka Sarkin Kudu, haka masu Jahun da Gwaram. Wannan ɓangare na jihar da na Ringim su ne waɗanda za a iya cewa da gaske ƙasar Kano ce a tarihi, kuma ana jin haka a Hausarsu.

Ranar Litinin na wuce Shuwarin a ƙasar Kiyawa. Kasuwar hatsi ce da bisashe, a bakin titin Maiduguri. Buhunan gero da dawa da wake da riɗi jibge, 'yan dako suna ta kai da kawowa, dillalai suna soka hannu cikin buhu su ɗebo su duba ko da tsakuwa. Ban daɗe ba, domin hanya tana da sauran tsawo. Muka bi ta Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a babban asibitin garin tun 2008, tana karɓar haihuwa tana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, mata suna zuwa daga ciki da wajen jihar. Daga nan sai Kafin Hausa, mazaunin jami'ar jiha da aka kafa a 2013. Tsakanin waɗannan garuruwa jigayin rairayi ne a jere, dogaye, hanya ta hau ɗaya ta gangara kwari ta sake hawa wani. A kan tudu gero da riɗi, a kwari kuwa laka da lambu.

Ana shiga ƙasar Auyo ido yake hutawa. Tsakiyar rani, amma ko'ina kore: alkama, shinkafa, albasa, tumatur, attaruhu, ruwa yana bin magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja, injinan ban-ruwa suna ta kuka. Auyo tsohon gari ne ƙwarai. Auyakawa suna da harshensu na kansu a da, wanda yanzu ya ɓace, Hausa ta shanye shi.

Haɗeja ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Kano ba. Kafin jihadi, ƙananan sarautu ne a yankin, irin su Auyo da Haɗeja da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, kuma gabas suke kai gaisuwa, wajen Borno, ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Da jihadin Shehu Usmanu ya zo, Fulanin yankin ƙarƙashin 'ya'yan Arɗo Abdure, Umaru sannan Sambo, suka haɗe waɗannan sarautu suka zama masarauta guda mai karɓar umarni kai tsaye daga Sakkwato. Har yau in ka saurari sunayen sarautu da na unguwanni, ka dubi tsagen fuskar wasu tsofaffi, ka ji yadda Barebari da Mangawa da Badawa suka cakuɗa da Hausawa da Fulani a Birniwa da Guri da Kirikasamma, za ka gane ƙasar nan bakin iyaka ce tsakanin manyan dauloli biyu.

Mutum biyu ne ba a hira a Haɗeja ba a ambace su ba. Na farko Sarki Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau a 1848. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari ya ƙi yarda, ya dawo ya ƙwace garin da ƙarfi. Da aka tara rundunar masarautu aka turo masa, ya fatattake ta a gamon Kaffur a 1853. Daga nan ya yi shekaru yana kai hari gabashin Kano, yana kame mutane, har ajalinsa ya zo a 1863 a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram. A Haɗeja ana faɗar sunansa da alfahari, a matsayin namijin da ba a tanƙwara ba. Na fahimci wannan alfahari, amma ban iya mantawa da cewa ƙauyukan da na ratso a ƙasar Jahun da Miga su ne suka sha wutar ba. Jikokin masu harin da jikokin waɗanda aka kai wa harin yau jiharsu ɗaya, kuma a ganina duk mai ba da labarin Buhari ya kamata ya ba da shi da ɓangarorinsa biyu.

Na biyu shi ne Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli. Haɗeja ta ci gaba da yi musu taurin kai har shekara uku bayan haka. Bayan tarzomar Satiru a ƙasar Sakkwato, Gwamna Lugga ya turo runduna daga Kano, aka gwabza ranar 25 ga Afrilu 1906. Mahaya dawakai da takubba da masu suka fuskanci bindiga mai ruwa, aka yi ta faɗa har cikin lungunan gari, har ƙofar fada. Sarki bai gudu ba, a nan aka kashe shi tare da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa. Wani malami da ya zaga da ni ya nuna mini inda ganuwa ta bi da wuraren tsofaffin ƙofofi, ya kuma kai ni kabarin wani hafsan Turawa, Kyaftin Filif, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi. Yana ba da labarin muryarsa tana rawa, kai ka ce bara aka yi. Littattafan makarantarmu sun cika da faɗuwar Kano da Sakkwato, amma yaƙin da aka yi a nan, wanda yana cikin na ƙarshe da wata masarauta ta yi da Turawa a Arewa, layi ɗaya ko biyu ake ba shi. Wannan rashin adalci ne.

Kasuwar kifin Haɗeja kuwa hanci ne yake kai mutum. Tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa da gaiwa, ɗanye da banda, ana shirya su a kwalaye ana lodawa zuwa Kano da Abuja da kudu. Har busassun kwaɗi na gani an tsire a sanda, na masu saye daga kudancin ƙasar. Duk wannan arziki daga fadama yake fitowa, don haka washegari da asuba na hau babur muka nufi Baturiya a ƙasar Kirikasamma.

Kogin Haɗeja haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa ne. In ya wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta kwanta, jigayi su tare masa hanya, ya rarrabu gida-gida: wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, sauran su lallaɓa su haɗu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Cadi. Da damina ruwa ya malale ya rufe fili mai faɗin gaske, da rani ya ja baya a hankali ya bar laka. Rayuwar mutanen nan gaba ɗaya a kan wannan zuwa da komawa aka gina ta. Ruwa ya zo, a shuka shinkafa a kama kifi. Ruwa ya ja, a bi sawunsa da wake da kankana da alkama. An girbe, Fulani su shigo da shanu su ci ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

Mun isa rana tana fitowa, hazo bai gama tashi ba. Tafkuna ne a tsakanin goruba da bagaruwa, kuma ban taɓa ganin tsuntsaye da yawa haka a wuri ɗaya ba. Kirinjijiya garke-garke suna fito, ɗinya, zalɓe tsaye cikin ruwa, balbela ta rufe bishiya fari fat. Cikinsu akwai baƙi, ƙananan agwagin daji da wasu masu dogayen ƙafafu da suke tasowa daga Turai in sanyi ya tsananta can, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yi hunturu a nan, su koma wajen watan Maris. Saboda su ne aka sa Baturiya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Na tsaya ina tasbihi. Wanda ya shiryar da ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu biyu ba ya ƙetare hamada ya sauka a tafkin Kirikasamma, Shi ne abin yabo.

A bakin ruwa na tarar da wani tsohon masunci yana gyaran mali. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina kifi?" Ya ce, "Ɗana, kifi yana nan, hanya ce babu." Ya nuna mini da haɓa. Gabanmu kacalla ce, ta fi mutum tsawo, ta yi duhu iyakar gani. Ya ce inda take ɗin nan da jirgi yake wucewa, can kuma gonar shinkafar mahaifinsa ce.

Asalin matsalar yana can sama, a ƙasar Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin su, kogin yana cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita take kashe ciyawar ruwa. Da aka fara tare ruwan damina ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliyar da manoma suke jira ta ragu, magudanai kuma suka daina bushewa. Kacalla ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita. Sakamakon haka wani gari yana nutsewa, na gaba da shi yana kukan ƙishirwa. Cikin kacallar ne kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero, shi ya sa za ka ga yara a kan dakali cikin gona tun asuba suna kaɗa gwangwani. A ambaliyar 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki daga Ringim har Guri, mutanen Haɗeja suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jingar da ta kare garin. Mu da muke buɗe famfo a Kano, muke cin shinkafar Kura da Kadawa, ruwan nan ɗaya muke sha da tsohon nan, mu a sama shi a ƙasa. Madatsun sun yi amfani, ba mai musu. Amma duk lokacin da za a yanke shawarar yawan ruwan da za a saki da ranar sakinsa, haƙƙi ne a ji ta bakin mutanen Guri da Kirikasamma da Auyo.

Daga Haɗeja na yi arewa kaɗan zuwa Malam Madori. Jirgin ƙasa ne ya yi wannan gari. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, bai shiga Haɗeja ba, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a bakin tasha suna sayen gyaɗa da fatu da ƙaro, mutane suka taru daga ko'ina har da 'yan kudu. Tsofaffin gine-ginen suna nan, dogon yana nan, sai dai ba jirgi. A cikin wannan ƙaramar hukuma Garun Gabas take. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya haddace Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, da Biram. Tambayi mutum goma ina Biram take, da wuya biyu su faɗa maka. Ga ta nan. A labarin Bayajida, a nan ya bar matarsa 'yar Mai na Borno da juna biyu lokacin da ya gudo yamma, ta haifi ɗan da ya sarauci garin. Yau ƙaramin gari ne na manoma, mai rumbuna da kukoki. Dattawan da na gaisa da su a ƙofar fada sun san matsayin garinsu sarai, kuma sun karɓe ni da mutunci, har da furar da ban roƙa ba. Abin da ya rage shi ne sauran Hausawa su san hanyar zuwa.

Ranar Lahadi na sauka Gujungu a ƙasar Taura, mararrabar da hanyoyin Kano da Gumel da Haɗeja da Jahun suka haɗu, kasuwa ta cinye titi har mota ba ta motsi sai da ƙyar. Kusa da nan Majiya take, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Oktoba 2024 ta hallaka mutum fiye da 150. Da muka zo wucewa motar ta yi tsit, wani ya ɗaga hannu, muka yi musu addu'a. Allah Ya jiƙansu. Na leƙa Ringim, wadda ta samu sarkin yanka bayan ƙirƙiro jihar, na ga tashar jirgi da lambunan bakin kogi, na juyo arewa.

Gumel dabam take da duk sauran. Sarautarta ta Mangawa ce, an kafa ta tun wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma jihadi bai ci ta ba. Lokacin da Kano da Haɗeja da Kazaure suke bin Sakkwato, Gumel tana bin Borno, tana fama da Haɗeja ta kudu, Damagaram ta arewa. Tsohuwar hedikwatarta ma, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba masarautar da wani ɓangare na ƙasarta. Gari ne mai natsuwa, mai inuwar dalbejiya, da kwalejin horon malamai da ta yaye malaman makaranta masu yawa a jihar. A nan na jira Alhamis.

Maigatari tana kan iyaka, ƙetarenta ƙasar Dungas ce a jihar Damagaram. Tun daren Laraba dabbobi suke shigowa. Da hantsi kara ta cika: raƙuma a gefe guda sun durƙusa, dawakai, jakuna, tumaki uda masu rabin jiki baƙi rabi fari, balami, awaki, sai shanu iyakar ganinka, jajayen rahaji masu ƙahoni kamar an buɗe hannu, da na Azawak da Buzaye suke korowa. Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Larabci duk suna tashi lokaci ɗaya. Baƙo ba ya sayar da dabbarsa da kansa. Yana da maigida a garin, wanda yake saukar da shi, ya ci da shi, ya tsaya masa, dillali ya nemo mai saye, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Miliyoyin naira suna sauya hannu a kan amana da shaidar mutum biyu. 'Yan canji suna zaune da damin naira da sefa. Kafin la'asar tireloli sun yi layi ana loda shanu zuwa Legas da Anaca da Fatakwal.

Bayan kara akwai rumfunan kanwa da gishirin Bilma da dabinon hamada, akwai kuma manyan shagunan ajiya inda mata suke zaune suna tsince zoɓo da riɗi. Zoɓon nan da ake shukawa a gefen gonar gero, shi ake lodawa a kwantena a kai har Meziko, riɗin kuma ya tafi Japan da Turkiyya da Sin. Matar da take tsince shi tun safe, abin da take komawa gida da shi bai taka kara ya karya ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Wani dillali ya ba ni labarin yadda garin ya mutu lokacin da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. "Alhaji," in ji shi, "wanda yake can ƙanin babana ne, matata 'yar can ce. In an rufe, ba ƙasa biyu aka raba ba, gida aka raba." Wanda duk zai sa hannu a takardar rufe iyaka, ina fata a fara kawo shi Maigatari ranar Alhamis.

Daga nan na yi yamma ta Sule Tankarkar da Ɓaɓura, ƙasar rairayi da gawo da rijiyoyi masu zurfi, har Kazaure. Duwatsu suka dawo, ga dam a gefen gari, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan marigayi Sarki Husaini Adamu. Masarautar ta samo asali ne daga Ɗan Tunku, Bafulatanin da ya taimaka a jihadi amma ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan 1819. Aka yi shekaru ana yaƙi, daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne sauran ƙananan hukumominta, can a kusurwa tsakanin Kano da Katsina.

A wajen gari na ga aikin sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairu 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Mutanen Kazaure suna murna da shi, sun kuma cancanci murnar. Sai dai bayan abin da na gani a gabas, roƙona shi ne a tuna da tsohon layin Nguru. Shinkafar Auyo, kifin Haɗeja, riɗin Gagarawa da Malam Madori, da shanun Maigatari duk a gefen wancan dogon suke, kuma yau a bayan tirela suke tafiya, a kan titin da ya ratsa tsakiyar kasuwar Gujungu da garin Majiya.